Wa ya ɗauki littafin Auta?

1. Talabijin ɗin gidan tela

Madarumfa tana kudu da Maraɗi, tafiyar kilomita 20 da ƴan kai. Garin ya yi suna saboda tafkinsa, da kuma kaburburan waliyyai 99 da aka ce suna kewaye da shi. A wata unguwa kusa da tafkin akwai wani yaro ɗan aji biyar. Shi ne ƙarami a gidansu, don haka kowa Auta yake ce masa. Babansa masunci ne. A gidan akwai Inna, da yayarsa mace, da Kaka.

Babu talabijin a gidan su Auta. Amma maƙwabcinsu tela yana da shi, har da babban faranti a kan soro mai kamo tashoshin nesa. Bayan sallar isha'i tela yakan fito da shi ƙofar gida, ya ɗora a kan tebur. Manya su zauna a benci, yara su zauna a ƙasa. Ɗan tela babban abokin Auta ne. Bencinsu ɗaya a aji, kuma kullum shi ke kama wa Auta wuri a gaba.

Sauran yara sun fi son ƙwallo da kokawa. Auta kuwa wasa ɗaya ne ya shiga ransa, wasan wani ɗan sanda mai bincike. A rubuce sunansa Columbo, yara suna cewa Kolombo.

Kolombo ba shi da siffar jarumi. Gajere ne, gashinsa a hargitse, kullum yana cikin wani tsohon kwat da ya yamutse. Motarsa tsohuwar Peugeot 403 ce, wadda ko a tashar Maraɗi sai an yi mata dariya. Ba ya son ɗaukar bindiga, ba ya dukan kowa. Kullum yana zancen matarsa, amma ba a taɓa nuna ta ba. Aikinsa tambaya. Yakan yi ta tambaya har mutum ya gaji. Sai ya yi sallama, ya kai bakin ƙofa, ya juyo ya ce ya tuna da wani ɗan abu. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ke rikita mai laifi.

A Amurka aka shirya wasan. Mutum biyu suka ƙago shi, Richard Levinson da William Link. Peter Falk ya fara fitowa a matsayin Kolombo a 1968. Wasan ya zama na jere a 1971, kashi na ƙarshe ya fito a 2003. Duka-duka kashi 69 ne. Peter Falk ya rasu a 2011, amma tashoshi sun ci gaba da maimaita wasan. An juya maganar cikin Faransanci, da shi Auta yake ji.

Wasan yana da tsarinsa na daban. A yawancin labaran bincike, sai a ƙarshe ake sanin mai laifi. A na Kolombo kuwa, tun farko ake nuna wa mai kallo wanda ya yi kisa, da yadda ya ɓoye sawunsa. Galibi wani attajiri ne ko babban mutum, mai ganin ya fi kowa wayo. Daɗin kallon shi ne a ga yadda Kolombo zai gano abin da mai kallo ya riga ya sani.

Abu biyu ke damun Auta. Mutanen talabijin suna Faransanci da sauri, magana ta wuce shi kafin ya kama ta. Sannan wuta takan ɗauke, wani lokaci daidai inda za a kama mai laifi.

2. Littafin kasuwar Maraɗi

Wata Juma'a, lokacin hutun bazara, Baba ya tafi da Auta Maraɗi su sayar da kifi banda. Litinin da Juma'a kasuwar ta fi ci. Da suka gama ciniki, suka bi ta wajen masu tsofaffin littattafai, waɗanda suke baza su a ƙasa kan buhu. Nan Auta ya tsaya cak. Ga Kolombo a bangon wani littafi, da kwat ɗinsa da komai.

– Baba, don Allah tsaya. Ga mutumin nan na gidan tela.

– Mai tsohon kwat? To, me ya kawo shi cikin littafi?

– Labarinsa aka rubuta, Baba.

– Ka ga kaurinsa kuwa? Za ka iya?

– Zan iya, in Allah ya so.

Mai littafi ya ce dala 200. Baba ya taya dala 60, aka daidaita a dala 100. Baba ya ƙirga ya biya, ya ce:

– Kuɗin kifi ne wannan, ba tsintuwa ba. Ka riƙe shi da kyau.

Ba abin mamaki ba ne a sami Kolombo cikin littafi. Idan wasan talabijin ya karɓu, masu buga littattafai sukan nemi marubuci ya mai da shi littafi. Wani lokaci a ɗauki kashin da aka riga aka nuna, a rubuta shi. Haka aka yi da wasu labaran Kolombo a Amurka cikin shekarun 1970. Wani lokaci kuma marubuci ya ari mutanen wasan, ya ƙaga musu sabon labari. Haka William Harrington ya yi, ya rubuta littattafan Kolombo 6 tsakanin 1993 da 1998. Akwai kuma masu tasowa daga littafi su shiga talabijin. Misalinsu Maigret, ɗan sandan Paris mai shan lofe. Georges Simenon, mutumin Beljiyam, ya rubuta littattafai 75 a kansa, daga 1931 zuwa 1972.

Shafin farko ya ci wa Auta yini guda. Da aka koma makaranta, Mushe ya ara masa ƙamus. Auta ya sami tsohon kaye, ya raba shafi biyu, Faransanci a hagu, Hausa a dama. Enquête shi ne bincike. Témoin shi ne shaida. Preuve ita ce hujja. Coupable shi ne mai laifi. Da ya zo kan alibi, bai sami kalma guda ta Hausa ba, sai ya rubuta jimla: hujjar cewa mutum yana wani wuri dabam lokacin da aka yi laifi.

Sannu a hankali karatu ya yi sauƙi. Auta ya riga ya san tafiyar Kolombo da muryarsa. In ya karanta maganarsa, sai ya ji kamar mutumin yana tsaye a tsakar gidansu yana sosa kai. Kuma littafi ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Ba ya sauri, ba ya barin mutum baya. Ran nan Auta ya ga mai laifin ya faɗi wata magana da ta saɓa da wadda ya yi a farko. Ya koma baya shafi da yawa, ya duba, ya ga haka ne. Ya riga Kolombo ganewa! Ya yi tsalle har Inna ta tambaye shi ko kunama ce.

Lokacin shan iska a makaranta, yara sukan kewaye shi, ya ba su labarin da Hausa. Sau biyu ɗan tela ya roƙi aron littafin. Sau biyu Auta ya ce sai ya gama.

3. Littafi ya ɓata

Cikin watan Yuni, farkon damina, saura babi biyu Auta ya gama. Wata rana bayan isha'i yana karatu da tocila a kan tabarma, ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida. Ɗan tela ya leƙo ya ce an kusa farawa. Auta ya ajiye littafi a kan tabarma, suka fita a guje.

Ana tsakiyar kallo iska ta taso. Wuta ta ɗauke, ruwa ya sauko. Tela ya kwashe kayansa, kowa ya gudu gida. Auta ya faɗa ɗaki ya kwanta, bai tuna da komai ba.

Da safe babu littafi. Ya duba gindin itace, ya duba ɗaki, ya duba garken awaki. Inna ta ce ba ta gani ba. Yaya ta ce ba ta gani ba. Kaka kuwa tun asuba ta tafi Gabi wajen suna.

A hanyar makaranta Auta ya yi ta tunani. Wa ke son littafin? Ɗan tela. Wa ya ga inda aka ajiye shi? Ɗan tela. Ya ce a ransa: shi ke nan, na san mai laifi tun farko, kamar a wasan.

Da aka fito shan iska, Auta ya goya hannu a baya, ya tsare abokinsa a gaban ƴan aji. Ya yi masa tambaya ɗaya, ya yi ta biyu, ya yi ta uku. Ɗan tela ya zaci wasa ne, yana amsawa yana dariya. Auta ya juya kamar zai tafi, sannan ya dawo.

– Af, na manta. Me ya sa jakarka ta yi nauyi yau? Fito mini da littafina!

Yara suka kwashe da ihu. Wani ya fizge jakar ya zazzage ta a ƙasa. Babu komai sai kaye da allo da dafaffen rogo. Amma wani ya ce ai a gida ya ɓoye shi. Kafin a tashi, duk makaranta ana cewa ɓarawon littafi.

Magana ta kai kunnen tela. Ya bincike ɗakin ɗansa, bai sami komai ba, duk da haka ya yi masa faɗa mai tsanani don ya jawo masa abin kunya. Kwana biyu ɗan tela bai zo makaranta ba. Da dare Auta yana jin muryar talabijin ta kan katanga, amma ba shi da fuskar zuwa.

4. Gida uku a kan allo

Mushe ya ga wuri babu kowa a bencin gaba. Ya tambaya, aka gaya masa. Da aka tashi, ya tsai da Auta. Bai ɗauki bulala ba, alli ya ɗauka. Ya ja layi biyu a babban allo, ya raba shi gida uku. A kan na farko ya rubuta: abin da na gani. Na biyu: abin da aka faɗa mini. Na uku: abin da nake zato. Ya miƙa wa Auta alli.

A gidan farko Auta ya rubuta cewa ya ajiye littafi a kan tabarma, ɗan tela yana bakin ƙofa, da safe babu littafi. A gida na biyu bai sami abin rubutawa ba. Duk sauran maganarsa a gida na uku ta faɗa.

– Auta, a talabijin wa yake nuna maka mai laifi?

– Masu shirya wasan, Mushe. Tun farko suke nuna shi.

– To, a gidanku wa ya nuna maka?

Auta ya yi shiru.

Mushe ya ce:

– Kai mai kallo ne kake ganin farkon labari. Kolombo ba ya ganinsa. Shi bayan an gama komai yake zuwa, shi ya sa yake yawan tambaya. Yakan yi zato, gaskiya ne, amma zatonsa yana cikin aljihu har ya sami hujja. Kai kwat ɗinsa ka ara, ka bar haƙurinsa.

Sannan ya gaya masa cewa wannan ba dokar talabijin ba ce kawai. A gaban alƙali, wanda ya kawo ƙara shi ke kawo hujja. Kuma a 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwar haƙƙin ɗan Adam. Sashe na 11 yana nuna cewa wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai shari'a ta tabbatar. Hausawa ma sun ce zato zunubi, ko da ya zama gaskiya.

Auta ya koma gida ya buɗe kayensa. Idonsa ya faɗa kan doguwar jimlar nan da ya rubuta a gaban alibi. Gabansa ya faɗi. Tare suka fita da ɗan tela. Tare suka zauna, kafaɗa da kafaɗa, har ruwa ya sauko. Da aka watse, ɗan tela yana taya babansa ɗaukar tebur. Yaushe ya je ya ɗauki littafi?

Da yamma Baba yana gyaran koma, Auta ya gaya masa duk abin da ya faru. Baba bai ɗaga kai ba, ya ce:

– Masu bin sawun shanun da aka sace ba sa farawa da sunan mutum. Da ƙasa suke farawa. Koma inda ka ajiye shi, ka duba.

Auta ya koma gindin dogon yaro. Ruwa ya shafe sawu, babu abin gani. Sai ya lura da abin da babu: ina tabarmar? Ya same ta a zaure, a naɗe, an jingine ta da bango. Ya warware ta. A bushe take, ko laima babu. Ashe an ɗauke ta kafin ruwa ya sauko. Kuma ɓarawo ba ya tsayawa naɗe tabarma.

Yanzu tambayar ta sake. Ba wa ke son littafi ba, wa ya naɗe tabarma? Inna ta ce ita tana kwashe shanya. Yaya ta ce tana ɗaure awaki. Baba yana bakin tafki yana jawo jirginsa. Saura mutum ɗaya. Wannan karo Auta bai gaya wa kowa zatonsa ba. Ya rubuta shi a gida na uku, ya jira.

5. Kaka ta dawo

Ran kwana huɗu Kaka ta dawo. Auta ya karɓi kayanta, ya kawo mata ruwa, ya bari ta huta.

– Kaka, sannu da hanya. Ya mai jego?

– Lafiya lau, maigida. Yau kuma ni ake yi wa ladabi haka? Me kake nema?

– Daren da aka yi ruwa, ke kika naɗe tabarma?

– In ban naɗe ba wa zai naɗe? Kai kana can wajen kallo.

– Ba ki ga wani littafi a kai ba?

Kaka ta tashi ta shiga ɗaki. Ta buɗe adudunta, inda take ajiye takardun gida da katin asibiti. Ga littafi, an naɗe shi cikin tsohon kallabi.

– Ba a barin rubutu a ƙasa. Ina na sani ko da sunan Allah a ciki? Wai shi wannan mai hargitsattsen kai, malamin wane gari ne?

Inna da Yaya suka yi dariya. Auta ya so ya yi, amma ta ƙi fitowa. Ga littafi a hannunsa, ko kusurwa bai lanƙwashe ba. Abokinsa kuwa yana can da sunan ɓarawo.

Bayan magariba Baba ya sa shi gaba har gidan tela. Auta ya durƙusa ya faɗi abin da ya yi, ya roƙi gafarar tela, ya roƙi ta ɗansa. Tela ya ce ya wuce. Ɗan tela bai ce komai ba.

Washegari Auta ya roƙi Mushe izini, ya tsaya gaban aji. A gaban mutane ya yi zargi, don haka a gaban mutane ya kamata ya wanke wanda ya zarga. Ya nuna littafin, ya faɗi inda aka same shi. Ya ce ɗan tela bai taɓa ɗaukar masa ko alli ba.

Amma magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Har aka yi hutu, wasu yara ba su daina tsokanar ɗan tela da sunan nan ba. Shi kuma ya koma bencin baya.

Ranar da aka ba da hutu, Auta ya je gidan tela da littafin da kayen kalmominsa. Har lokacin bai karanta babi biyun ƙarshe ba. Ya miƙa wa ɗan tela duka biyu, ya ce ya riƙe har ya gama. Ɗan tela ya karɓa ya shiga gida.

Mako uku babu labari. Ran nan Auta yana taya Baba shanya koma, sai ga ɗan tela da littafi a hammata. Ya ce akwai wata kalma da babu ita cikin kaye. Suka zauna a gindin dogon yaro suka nemo ma'anarta. Babi biyun ƙarshe tare suka karanta su, wannan ya yi shafi, wancan ya yi shafi.

Da aka koma makaranta suka tambayi Mushe ko akwai irin Kolombo a Afirka. Ya ba su labarin Moussa Konaté, marubucin ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2013. Ya ƙago wani kwamishinan ƴan sanda mai suna Habib, mai bincike a Bamako da ƙasar Dogon. Yaran suka dubi juna. In ana bincike a Bamako, me zai hana a yi a Madarumfa?

Suka haɗa kuɗi suka sayi sabon kaye. Da Hausa suke rubuta labarinsu. Wani masunci ne ya wayi gari babu komarsa a bakin tafki, kowa kuma yana zargin wani baƙo. Har yanzu suna gardama a kan wanda ya ɗauke ta. Amma shafin farko sun riga sun raba shi gida uku.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta wasan Kolombo da sauran labaran bincike?
2. Waɗanne abubuwa Auta ya samu cikin littafi waɗanda bai samu a talabijin ba?
3. Me ya sa Auta ya zargi ɗan tela? Cikin dalilansa akwai hujja?
4. Me busasshiyar tabarma ta nuna wa Auta?
5. Don me Auta ya nemi gafara a gaban aji, bayan ya riga ya nema a gidan tela?
6. Ku tuna da wani abu da ya taɓa ɓata a gidanku. Ku raba shafi gida uku kamar yadda Mushe ya yi, ku cika kowane gida.